Idan Mai Gida Ya Rasu, Wa Bayin Sarki Ke Bi?

Tsakanin 1236 da 1257 mata uku sun riƙe ragamar manyan daulolin Musulunci kusan a zamani ɗaya: Daifa Hatun a Halab ta ƙasar Sham, Raziyya 'yar sarki Iltutmish a Delhi, sai Shajaratud Durri a Alƙahira. Ta Halab ta rasu a kan shimfiɗarta, mulki na hannunta. Sauran biyun kashe su aka yi, kowacce bayan da dakarun da suka ɗora ta suka janye jiki.

Bayanin da aka fi ji a bakin mutane shi ne, ai mata ne, shari'a ba ta yarda ba. Lalle hadisin Abu Bakra da ke cikin Buhari sananne ne, wanda ke cewa mutanen da suka jiɓinta al'amarinsu ga mace ba za su rabauta ba, kuma mafi yawan malaman fiƙihu sun sa zama namiji cikin sharuɗɗan shugabancin al'umma. Ba fatawa na zo bayarwa ba, wannan fagen masu shi ne. Abin da nake dubawa tarihi ne, shi kuwa tarihi ga abin da ya nuna: hukuncin yana nan cikin littafi ranar da aka yi wa matan nan mubaya'a, yana nan daram ranar da aka tuɓe su. Alƙali Minhaju Juzjani, wanda daga littafinsa muka samu mafi yawan labarin Raziyya, a zamaninta aka ba shi shugabancin makarantar Nasiriyya ta Delhi, ya kuma karɓa. Saboda haka in ana neman abin da ya canza tsakanin ranar hawa da ranar sauka, ba zauren malamai za a leƙa ba. Masaukin dakaru za a leƙa.

Sai an fahimci irin dakarun kafin a fahimci matan. Tun zamanin halifa Mu'utasim na Abbasiyawa, wanda ya yi mulki daga 833 zuwa 842, sarakunan Musulunci suka koma dogaro da bayi a harkar yaƙi. A sayo yaro daga dazukan Turkawa, ya musulunta, a koya masa hawa da harbi da sara, in ya isa a 'yanta shi, a ba shi doki da makami, in ya yi fice a yanka masa ƙasa ya riƙa cin harajinta yana ciyar da nasa mahaya. Yaron nan ba shi da uba a garin, ba shi da dangi, ba shi da gonar gado. Abu biyu ya sani: ubangidan da ya saye shi ya 'yanta shi, da 'yan'uwansa da suka tashi a hannun ubangida ɗaya, suka sha horo tare. Har sunan ubangidan yake ɗauka. Bayin Salihu Ayyub su ne Salihiyya, na Shamsuddin Iltutmish su ne Shamsiyya, na waziri Nizamul Mulk su ne Nizamiyya. Bahaushen da ya san matsayin Shamaki da Ɗan Rimi da Sallama a fadar Kano ba zai yi mamakin ganin bawa yana da ikon da ɗa ba shi da shi ba.

Aibin tsarin yana fitowa ne ranar da ubangida ya rasu. Biyayyar bawa ga mutum take, ba ga karaga ba, kuma ba dole ta zarce ga ɗan mamacin ba. Ɗan sarki yakan taso da nasa yaran, waɗanda suka daɗe suna jiran ranar da za su ci. In ya hau, muƙamai da ƙasashen da tsofaffin bayin mahaifinsa ke ci su zai fara raba wa nasa. Su ma tsofaffin sun san haka sarai. To a wannan ɗan tsakanin, daga rasuwar mai gida zuwa tabbatar magaji, wa ke wakiltar tsohon gida? Sau da yawa matar da ke cikinsa ce. Ita ke da makullan taska, ita babannin fada ke kai wa magana, su kuwa babanni su ne ke iya shiga cikin gida su fito su shiga wurin dakaru ba mai tare su. Wani lokaci ma ita kanta sayo ta aka yi daga ƙasar da aka sayo su, harshensu ɗaya. A wurin tsofaffin bayi, kasancewarta alama ce cewa gidan bai watse ba, abin da ke hannunsu ba za a ƙwace ba.

Kuɗi na cikin lissafin, amma labarin Turkan Hatun, matar sarkin Saljuƙawa Malikshah, ya nuna iyakar abin da kuɗi ke saya. A 1092 aka kashe waziri Nizamul Mulk, bayan 'yan makonni shi ma sarkin ya rasu a Bagadaza. Turkan ta ɓoye mutuwar, ta buɗe baitulmali ta raba wa sarakunan yaƙi dukiya, ta karɓi rantsuwarsu ga ɗanta Mahmud, yaron da bai wuce shekara huɗu zuwa biyar ba, har halifa ya yarda a sa sunansa cikin huɗuba. Komai ya tafi daidai sai abu ɗaya. Bayin marigayi waziri suna zargin Tajul Mulk, babban na hannun damarta, da hannu a kisan ubangidansu. Suka fitar da Barkiyaruƙ, ɗan kishiyarta, daga inda aka tsare shi a Isfahan, suka kai shi Rayyi suka naɗa. Da aka haɗu kusa da Burujird a farkon 1093, wasu daga amiran da suka ci kuɗinta suka sauya sheƙa. Aka kama Tajul Mulk, kuma duk da cewa Barkiyaruƙ ya so ya yi amfani da shi, Nizamiyya suka ƙi, sai da suka kashe shi. Turkan ta nemi namijin da zai jagoranci rundunarta har ta yi wa Isma'ila ɗan Yaƙuti tayin aure, shi ma aka ci shi da yaƙi. Ta rasu a 1094, yaron ya bi ta ba da jimawa ba. Ta fi kowa dinari, amma Nizamiyya jinin ubangidansu suke bi, wannan kuwa ba shi da farashi a wurinsu.

Shajaratud Durri ta fi Turkan sanin inda zuciyar bawa take, don ita ma baiwa ce. Salihu Najmuddin Ayyub ya mallake ta tun bai zama sarkin Masar ba. A 1239 rundunarsa ta watse ta bar shi a Nablus, ɗan'uwansa Nasiru Dawud ya kama shi ya tsare a Karak, ita kuwa ta zauna tare da shi a tsare. Ta haifa masa ɗa, Halilu, wanda ya rasu yana jariri, ya 'yanta ta ya aure ta. Darasin Nablus bai bar Salihu ba. Da ya samu Masar a 1240 sai ya daina yarda da 'yantattun sojoji, ya shiga sayen bayi daga Turkawan Kifcaƙ, waɗanda yaƙin Mangolawa ya sa suka cika kasuwa. Zaɓaɓɓu daga cikinsu ya gina musu masauki a tsibirin Rauda da ke tsakiyar kogin Nilu, su ne aka sani da Bahariyya, ana ƙiyasta su tsakanin 800 da 1,000.

A watan Yunin 1249 sarkin Faransa Luwis na tara ya sauka gaɓar Masar da rundunar Salibiyya, ya kama Dimyaɗ. A watan Nuwamba, abokan gaba na shirin gangarowa, Salihu ya rasu a sansanin Mansura ba tare da ya ayyana magaji ba. Ɗansa Turanshah yana can Hisnu Kaifa, tafiyar makonni. Shajaratud Durri ta kira mutum biyu, babban kwamanda Fahruddin ɗan Shaihush Shuyuh da baban fada Jamaluddin Muhsin, suka rufe maganar. Aka ci gaba da kai abinci wurin sarki, ana cewa jiki ne ya matsa. Takardun umarni suka ci gaba da fitowa da sa hannun da ya yi kama da nasa. Aka tara amirai aka rantsar da su ga sarki, ga Turanshah a matsayin magaji, ga Fahruddin a matsayin shugaban runduna, aka tura Farisuddin Aƙɗai, jagoran Bahariyya, ya ɗauko yarima. A Fabrairun 1250 Faransawa suka yi wa sansanin shigar ba-zata suka kashe Fahruddin, suka kutsa cikin garin Mansura. Bahariyya ne suka tare su a lungunan garin suka karkashe su, har da ƙanen Luwis. Zuwa Afrilu an kama Luwis kansa.

Turanshah ya iso ya tarar an gama masa aikin, ya kuma yi daidai abin da tsofaffin bayi ke tsoro. Ya ɗora mutanen da ya zo da su a kan muƙamai, ya hana Aƙɗai abin da ya yi masa alkawari, ya aika wa matar mahaifinsa da barazana yana neman ta fito da dukiyar marigayi. Masu tarihi sun ce da dare yakan zare takobi yana sare kawunan kyandir, yana cewa haka zai yi wa Bahariyya. Ranar 2 ga Mayun 1250 suka riga shi, suka kashe shi a Fariskur.

Sai suka yi abin da ba a saba ba, suka naɗa ita kanta. Aka yi mata addu'a a kan mumbari, aka buga sunanta a jikin dinari. Duba yadda ta jera laƙabinta: ta halifa Musta'asim, ta Salihu, sarauniyar Musulmi, mahaifiyar Maliku Mansur Halilu. A takarda kuwa "Mahaifiyar Halilu" take sa hannu. Halifa yana Bagadaza, mijin ya rasu, ɗan ya daɗe a kabari, amma da sunayen nan uku ta tsaya. Wasu na ɗaukar wannan rauni ne. Ni ina ganin wayo ne na wadda ta san masu sauraronta. Salihiyya take gaya wa cewa ita ma Basalihiya ce irinsu, gidan ubangidansu yana nan. Hubbaren da ta gina wa mijin a jikin makarantarsa da ke Bainal Ƙasraini shi ma wannan saƙon yake ɗauke da shi, har ya zama al'ada a farkon daular Mamlukai, wato daular da bayin nan suka kafa a Masar, duk wanda aka yi wa amiri a can ake kai shi ya yi rantsuwa.

Matsalarta ita ce sarki a wannan zamani shi ne mai fita gaban runduna, ita kuwa tana bayan labule. Dole a samu namijin da zai riƙe tuta. Aka zaɓi Izzuddin Aibak, wani amiri mai matsakaicin matsayi, wanda manya suka ɗauka za su iya juyawa. Cikin kwanakinta aka ƙarasa yarjejeniya da Luwis, aka karɓi Dimyaɗ, ya biya fansa ya bar ƙasar. Amma Sham ba ta bi ba. Amiran Kurdawa na Ƙaimariyya da ke Dimashƙa ba bayin Salihu ba ne, 'yantattu ne masu biyayya ga zuriyar Ayyubawa, gidan sarautar da Salihu ya fito, sai suka buɗe wa Nasiru Yusuf na Halab ƙofa a watan Yuli. Marubutan baya irin su Maƙrizi sun kawo cewa halifa ya aiko wa amiran Masar cewa in maza sun ƙare musu su faɗa a aiko musu da namiji. Maganar ta yi daɗin maimaitawa, shi ya sa ta fi komai yaɗuwa, amma abin da ke tayar wa amirai hankali shi ne rundunar da ke taruwa a Sham. Bayan kimanin kwana 80 ta sauka, aka naɗa Aibak, ta aure shi, aka kuma ɗauko wani yaro Ba'ayyube mai suna Ashrafu Musa aka jingina masa don rufe bakin masu cewa an ƙwace sarautar gida.

Saukar ba ta rage mata iko sosai ba. Ta ci gaba da sa hannu a takardun umarni, dukiya na hannunta, an ce har ta sa Aibak ya rabu da uwar ɗansa Aliyu. Abin da ya ci ta sannu a hankali ya faru, kuma ba a cikin gida ba. Aibak, wanda laƙabinsa na sarauta shi ne Mu'izzu, ya shiga sayen nasa bayin, Mu'izziyya. A 1254 ya sa aka kashe Aƙɗai a cikin fada, yaronsa Ƙuɗuz na cikin masu aikin, sai akasarin Bahariyya suka tsere Sham, har da Baibars, ɗaya daga cikin manyansu. Daga ranar nan takubban da ke gadin fadar Alƙahira ba na gidan mijinta na fari ba ne. Da ta ji Aibak na neman 'yar Badruddin Lu'ulu'u, sarkin Mausil, masu ba da labari suka ce kishi ne ya motsa. Kishi kam ba a rasa shi ba, amma 'yar sarki mai cikakken asali da uba mai runduna ba kishiya kawai ba ce, sabuwar uwargida ce ga sabon gida. A watan Afrilun 1257 barorinta suka kashe Aibak a wurin wanka. Ta nemi wani daga manyan amirai ya karɓi ragamar, ba wanda ya yarda. Mu'izziyya suka naɗa Aliyu ɗan ubangidansu. Ragowar Salihiyya sun yi ƙoƙarin kare ta, aka kai ta wata hasumiya a cikin fada aka tsare, amma ba su da yawan da za su ja da masu gida na yanzu. Cikin 'yan kwanaki aka kashe ta. Labarin da ya shahara shi ne kuyangin uwar Aliyu ne suka yi ta dukanta da takalman katako, aka jefar da gawar ta bayan ganuwa.

Raziyya ta bi wata hanya dabam, ta nemi ta toshe ramin da Shajaratud Durri ta faɗa, ta zama ita ce mai fita gaban runduna. Ita 'yar sarki ce, ba matar sarki ba. Babban ɗan Iltutmish, wanda aka sa wa rai, ya rasu a 1229, kuma Juzjani ya ce uban ya fifita Raziyya a kan sauran 'ya'yansa maza. Duk da haka da ya rasu a 1236 sai manya suka naɗa ɗansa Ruknuddin Firuz. Shi ya dulmuya cikin shagali, mahaifiyarsa Shah Turkan ta riƙe al'amura, ta shiga ramuwa a kan matan gidan, aka makantar da wani yarima aka kashe shi. Gwamnoni suka tayar. Firuz ya fita ya tare su, uwar ta shirya gamawa da Raziyya, ita kuwa ta kai kukanta ga mutanen Delhi. Jama'a suka far wa fada suka kama Shah Turkan. Amma abin da ya yanke hukunci shi ne bayin Turkawa na tsakiyar runduna, Shamsiyya, sun bar Firuz sun dawo gari sun yi mata mubaya'a. Wato a rikici ɗaya mata biyu ne suka kara, dakaru suka zaɓi ɗaya.

Wazirin Delhi Nizamul Mulk Junaidi, wanda ba shi ne na Saljuƙawa ba, da wasu manyan gwamnoni sun ƙi ta, suka yi wa Delhi zobe. Ta fita ta kafa sansani, ta janyo biyu daga cikinsu a asirce, sauran suka watse. Da farko sunan mahaifinta ne a jikin kuɗi tare da nata, daga baya ta bar nata kaɗai. Ta ajiye lulluɓi, ta sa riga da hula irin na sarakuna, tana hawa giwa mutane na ganinta ido da ido. Ta ɗaukaka bayin mahaifinta: Aitigin ya zama babban mai tsaron ƙofar fada, Altuniya ya samu Tabarhinda. Sannan ta ba wani Bahabashe, Jamaluddin Yaƙut, muƙamin shamaki, mai kula da dawakin sarki, muƙamin da Turkawa ke ganin nasu ne kuma mai shi kullum yana kusa da sarki.

An cika duniya da zancen soyayya tsakaninta da Yaƙut. Juzjani, wanda ya rayu a lokacin, kusanci da fifiko kawai ya ambata. Zargin ya fito ne a rubuce-rubucen da suka zo bayan shekara ɗari, kamar na Isami da Ibn Baɗuɗa. Ko ba soyayya, laifinta a idon Shamsiyya ya isa. Sun ɗora ta ne don ta tsare musu gidan Iltutmish, sai ga shi tana gina nata gidan, da mutanen da ita ta yi su, ba mahaifinta ba. Abin da Turanshah ya yi da gaggawa da wauta, shi ta so yi da dabara. Gwamna Kabir Han ya tayar a Lahor, ta fita da kanta ta tanƙwara shi. Ta dawo ke nan, cikin azumin 1240, aka ce Altuniya ya tayar a Tabarhinda, ta sake fita. A can amiran Turkawa da ke cikin rundunarta suka juya, suka kashe Yaƙut, suka miƙa ta ga Altuniya. A Delhi aka naɗa ɗan'uwanta Baharam, da sharaɗin Aitigin ne zai riƙe iko a matsayin mataimaki. Duka mutum biyun nan ita ta ɗaga su.

Abin ban dariya, in da dariya a ciki, shi ne yadda ƙawancen ya watse. Baharam ya sa aka kashe Aitigin cikin 'yan watanni, Altuniya ya ga an ci an bar shi da wankin kwano, sai ya auri fursunarsa suka tara runduna suka nufi Delhi. Runduna ce ta haɗe-haɗe, ta ƙabilun yankin da 'yan amiran da aka ɓata wa rai. A watan Oktoban 1240 aka ci su, da suka ja baya zuwa Kaital ragowar suka gudu suka bar su, aka kashe su duka biyu. Juzjani ya yabe ta da adalci da kyauta da girmama malamai da iya yaƙi, ya ce ta tara duk siffofin da ake nema ga sarki, sannan ya tambaya, tunda ba a halicce ta namiji ba, me duk wannan zai amfana mata? Amsar da labarin da shi kansa ya rubuta ke bayarwa ita ce sun amfane ta shekara uku da rabi, ninkin-ba-ninkin abin da Firuz namiji ya samu.

Waɗanda suka daɗe fa? Daifa Hatun 'yar sarki Adil ce, 'yar'uwar Kamil na Masar, matar Zahiru Gazi ɗan Salahuddin. Da ɗanta Azizu ya rasu a 1236 ya bar yaro ɗan shekara bakwai, aka kafa majalisar riƙo ta mutum huɗu, ciki har da nata baban, Iƙbal, amma hukuncin ƙarshe wurinta yake. Ba ta nemi a ambace ta a huɗuba ba, ba ta nemi kuɗi da sunanta ba. Sarki jikanta ne, ita kaka ce. Da mayaƙan Hawarizmawa suka ci rundunar Halab a 1240, ta haɗa kai da Mansuru Ibrahim na Hims ya jagoranci yaƙin, aka fatattake su, ya koma garinsa. Kwamandan aro ne, ba mijin da zai zauna ya fara sayen bayi ba. Ta rasu a 1242, makarantar Firdausi da ta gina na tsaye a Halab. Jikan nan nata shi ne Nasiru Yusuf da ya ƙwace Dimashƙa daga hannun Shajaratud Durri.

Sittul Mulk ta Fadimiyawan Masar ta fi ta zafin hannu. Da ɗan'uwanta halifa Hakim ya ɓace a duwatsun Muƙaɗɗam a 1021, ta jawo Ibn Dawwas, jagoran dakarun ƙabilar Kutama, ta raba wa runduna kuɗi, ta ɗora ɗan Hakim, Zahiru, a maimakon yariman da marigayin ya ayyana. Da abin ya zauna ta sa aka kashe Ibn Dawwas da sunan shi ya kashe halifa. Ta riƙe daula har rasuwarta a 1023. Arwa ta Sulaihawan Yaman kuwa, wadda aka ambata a huɗuba kuma ta yi mulki shekaru da dama daga Jibla har 1138, kullum da namijin da ke riƙe mata runduna, amma ba ta bari ɗaya ya zama shi kaɗai. Da Ibn Najibud Daula, kwamandan da aka aiko mata daga Masar, ya fara ganin ta tsufa, sai ta zuga masa shugabannin ƙabilu suka tsare shi a Janad, sannan ita kuma ta cece shi, ya dawo yana neman afuwa.

Akwai kuma wadda ba ta buƙaci duk wannan kaffa-kaffa ba, domin dakarun danginta ne. Turkan Hatun ta Hawarizm, mahaifiyar sarki Ala'uddin Muhammad, daga ƙabilun Ƙangli da Kifcaƙ ta fito, su ne kuma ƙashin bayan rundunar ɗanta. Tana da fadarta da magatakardanta, kuma marubucin tarihi Nasawi ya ce in umarninta da na sarki suka saɓa, wanda ya zo daga baya shi ake zartarwa. Ta tilasta masa ya ayyana jikanta da uwarsa 'yar ƙabilarta ce a matsayin magaji, a maimakon ɗansa Jalaluddin. A 1218 ɗan'uwanta Inalcuƙ, gwamnan Utrar, ya karkashe fataken da suka zo daga wurin Jangiz Han, sarkin Mangolawa. Da aka nemi a miƙa shi, sarki bai iya ba, don taɓa shi taɓa rabin runduna ne. Abin da ya biyo baya shi ne Mangolawa suka mamaye daular, ita ma a hannun Mangolawa ta ƙare rayuwarta.

Ko a Mali, da Ibn Baɗuɗa ya zauna tsakanin 1352 da 1353, ya ga an tsare Ƙasa, uwargidan Mansa Sulaimanu, wadda ake ambata tare da shi a kan mumbari. Manya suna tausaya mata har sai da aka kawo wata baiwa ta ce uwargijiyarta ta aike ta wurin wani ɗan'uwan sarki da ke gudun hijira, ta ce masa ya zo, ita da runduna duka nasa ne. Da jin kalmar runduna suka ce ta cancanci kisa, ta gudu gidan liman ta nemi mafaka.

Ba ina cewa zama mace bai yi musu illa ba. Ya yi, ta fuska biyu. Ya sa mafi yawansu dole su ɗora wani namiji a kan runduna, shi kuma ganima da girma daga hannunsa soja ke karɓa a fagen fama. Ya kuma ba duk wanda ke son warware rantsuwa hujja a shirye, mai nassi, wadda ba sai ya ƙirƙira ba. Amma a duba abin da dakarun nan suka yi wa mazan da suka biyo baya. A Alƙahira Ƙuɗuz ya tuɓe Aliyu ɗan ubangidansa a 1259, ya ci Mangolawa a Ainu Jalut a 1260, a hanyar dawowa Baibars da 'yan'uwansa Bahariyya suka kashe shi, ba su manta da jinin Aƙɗai ba. A Delhi amirai suka kashe Baharam a 1242, suka tuɓe magajinsa Mas'udu a 1246, suka ɗora Nasiruddin Mahmud, wanda mafi yawan shekarunsa 20 a kan karaga wani bawan Iltutmish mai suna Balban ne ke juya shi. A 1266 Balban ya hau da kansa. Ya san 'yan'uwansa Shamsiyya ciki da bai, don tare aka yi duk abin da aka yi, sai ya shiga karya su ɗaya bayan ɗaya. Marubucin tarihi Barani ya ce har ɗan'uwansa na jini, Sher Han, da ke tsare iyakar yamma daga Mangolawa, guba ya sa aka ba shi.